Wasan Haƙar Lu'ulu'u a Waya: Yadda Yake Kama Zuciya da Matsayinsa a Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya dare da yini suna maye wa juna domin mai son ya yi tunani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa masu karatu, a 'yan makonnin nan iyaye da dama sun tare mu bayan sallar Isha'i da tambaya iri ɗaya. Wani ya ce ɗansa ba ya barci sai ƙarfe biyu na dare, yana ƙarƙashin gidan sauro da waya a hannu. Wata baiwar Allah ta aiko mijinta ya tambaye mu ko halal ne kuɗin da yaronta yake zubawa cikin wasa. Mu ma a aji mun ga alama. Akwai ɗalibin da muka san shi da kaifin hadda, ya riƙe izu ashirin ba gargada, amma a 'yan watannin nan in ya zo tilawa sai ya dinga gyangyaɗi a kan allo. Da muka zauna da shi, ba mu same shi da shaye-shaye ko mugayen abokai ba. Abin da muka samu wani ɗan wasa ne a waya, inda wani ɗan mutum yake haƙa ƙasa yana tsintar lu'ulu'u.

Muka ce ya nuna mana. Muka karɓi wayar da nufin mu duba na minti biyu. Wallahi ba mu ankara ba sai da muka ji ladan yana gyara lasifika. To daga nan muka gane cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma abin ya cancanci bincike kafin a hau mumbari a yi faɗa. Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake. Saboda haka za mu fara da bayanin wasan, hukunci ya biyo baya.

Wane irin wasa ne, kuma daga ina ya fito?

Wasannin haƙa suna da yawa, amma ƙashin bayansu ɗaya ne. Ana ba ka mutum ɗaya a ƙarƙashin ƙasa. Kana tura shi sama ko ƙasa, dama ko hagu, yana buɗe rami. A cikin ƙasar akwai abin so, wato zinariya ko lu'ulu'u, akwai kuma abin gudu, wato dutsen da zai faɗo maka a kai, ko maciji, ko wuta. In ka tsinci abin da ake so ka kai ƙofa, sai a buɗe maka mataki na gaba. In ka mutu, ka sake daga fari. Shi ke nan.

Abin ya girmi yawancin masu yin sa a yau. A shekarar 1982 kamfanin Namco na ƙasar Japan ya fitar da wani wasa mai suna Dig Dug. A lokacin babu wayar hannu. Wasan yana cikin wani babban akwati ne mai tsayin mutum, ana ajiye shi a shago, sai ka jefa kwabo ya ba ka rai uku. A 1984 aka fitar da Boulder Dash, wanda ya shahara da salon tsintar lu'ulu'u da gudun duwatsu masu gangarowa. Sannan a 2006 kamfanin Gameloft na Faransa ya yi Diamond Rush, wanda ya zo a cikin ƙananan wayoyin Nokia da yawa tun daga kanti. Duk wanda ya riƙe irin waɗannan wayoyi a nan Kilomita Biyar ya san shi, har da wasu dattawan da ke karanta wannan takarda suna murmushi yanzu. Daga baya Minecraft ya zo, wanda shi ma haƙa da gini ne, kuma ya yi ƙarfin da kamfanin Microsoft ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 2.5. A yau kuwa ɗaruruwan irinsu ne a manyan wayoyi, akasarinsu kyauta ake sauke su.

Ku lura da asalin nan na akwati da kwabo, domin a nan sirrin yake. Mai akwatin ba ya samun riba sai ka mutu da wuri kuma ka so ka sake. In wasan ya yi wuya ƙwarai, za ka yi fushi ka tafi. In ya yi sauƙi ƙwarai, kwabo ɗaya zai ishe ka yini guda. Don haka masu ƙera shi suka ƙware wajen neman tsakiya: mai sauƙin koyo, mai wuyar gamawa. Akwatin ya tafi, amma dabarar tana nan a aljihun 'ya'yanmu.

Ƙugiyoyi biyar

Mun zauna da ɗalibai manya mun tattauna, mun kuma duba abin da masana halayyar ɗan Adam suka rubuta. Ga abubuwa biyar da muka ga su ne suke riƙe mutum.

Na farko, babu wahalar shiga. Ba a bukatar karatu, ba a bukatar Faransanci ko Sango ko Larabci. Yaro ɗan shekara biyar zai iya cikin minti ɗaya. Kwatanta da Ajrumiyya, wadda sai ka yi watanni kafin ka fara jin daɗin i'irabi.

Na biyu, lada nan take. Duk motsi yana da amsa: ƙara mai daɗi, walƙiya, lamba tana hawa. A cikin Dig Dug na 1982, kiɗan wasan ba ya tashi sai mutumin yana tafiya, da ka tsaya sai ya yi shiru. Kun ga hikimar? An mayar da tsayawa abin ƙi. Manomi yana shuka ya jira wata uku ko huɗu, ɗan kasuwa yana jiran ciniki, mahaddaci yana jiran shekaru kafin sauka. Wasan kuwa yana biyan ka kowace daƙiƙa.

Na uku, kuma shi ne mafi ƙarfi, ba ka san abin da ke ƙarƙashin ƙasar ba. Wani masani ɗan Amurka mai suna B. F. Skinner, na jami'ar Harvard, ya yi shekaru yana gwaji da ɓeraye da tantabaru. Yana sa tantabara a akwati, in ta caki wani maɓalli sai ƙwayar hatsi ta faɗo. Ya lura cewa in hatsi yana faɗowa a kowane caki, da an daina ba ta sai ta haƙura da wuri. Amma in ba ta san a wane caki hatsin zai zo ba, wani lokaci na uku, wani lokaci na talatin, sai ta dinga caka ba ƙaƙƙautawa, kuma ko an yanke hatsin takan daɗe ba ta daina ba. An buga sakamakon wannan aiki a littafi a 1957. Masu binciken ƙwaƙwalwa daga baya sun nuna cewa wani sinadari mai suna dofamin yana motsawa ƙwarai a lokacin da ake sa ran lada ba tare da tabbas ba. Wato jiran ya fi samun ɗaure mutum. Wasan haƙa gaba ɗayansa a kan wannan aka gina shi, domin ƙasa tana rufe abin da ke cikinta, kuma kowane rami yana iya zama shi ne.

Na huɗu, saura kaɗan. Ba kasafai ake kashe ka tun daga nesa ba. Yawanci sai ka hango ƙofar, saura taku biyu, dutse ya faɗo. Zuciya ba ta ɗaukar wannan a matsayin faɗuwa, tana ɗaukarsa a matsayin kusan cin nasara. Sai ka ce, "Bari in sake sau ɗaya kawai." Wannan kalma ta sau ɗaya kawai ita ce ta cinye wa mutane sallar Asuba.

Na biyar, babu ƙarshe. Wasan ƙwallo yana da minti casa'in, alƙali ya busa kowa ya tafi gida. Dara tana ƙarewa in an cinye 'ya'ya. Langa tana ƙarewa in an gaji. Wannan kuwa da ka gama mataki, na gaba ya riga ya buɗe kafin ka ɗago kai. Wasu sababbin ma suna ba da kyauta ga wanda ya shigo kowace rana ba fashi, in ka tsallake rana ɗaya ka rasa abin da ka tara. Sun ƙirƙiro maka wuridi, sun sa maka tsoron barinsa.

Mu mun san haƙa ta gaskiya

Mutanen wata ƙasa sai an yi musu dogon bayani kafin su gane ƙugiya ta uku. Mu a Afirka ta Tsakiya ba ma bukata. Gidaje nawa ne a unguwar nan waɗanda ba su da wani da ya taɓa zama a Berberati, ko Karno, ko Boda, ko Nola, ko Biriya, ko Sam Wanja, a harkar lu'ulu'u? Mun san yadda ake yi. Mai haƙa yana cire ƙasar sama da shebur har ya kai ga tsakuwa, ya kwashe ta zuwa bakin rafi, ya wanke a rariya, ya zuba ido. Mai ɗaukar nauyinsa yana ba shi abinci da kayan aiki bisa sharaɗin in an samu a sayar masa. Ana iya yin watanni ba a ga komai ba. Amma labarin wani da ya tsinci dutse ɗaya ya gina gida ya isa ya riƙe mutum shekara goma a bakin rami. Mun ga waɗanda suka tafi da nufin rani ɗaya, suka dawo da furfura.

Wannan jan da rami yake yi wa zuciya, shi masu wasan suka ɗauko suka zuba a waya. Sai dai akwai bambanci babba. Mai haƙa a Karno neman halal yake yi da guminsa, kuma in Allah Ya ba shi, abin da ya samu yana ciyar da iyali. Ya kuma san ɗacin abin: lokacin da tsarin Kimbali ya dakatar da fitar da lu'ulu'un ƙasar nan a 2013, gidaje da yawa sun ji a jikinsu. Shi kuwa lu'ulu'un waya, ko ka tara dubu ɗari, ba zai saya maka ƙullin gishiri a kasuwar Kilomita Biyar ba. Ka ba da lokaci na gaske, ka karɓi dukiya ta hoto.

To su me suke samu?

Wani zai ce, ai kyauta ne, Malam. Ɗan kasuwa ya san babu wanda yake buɗe shago don Allah Ya isa. Hanyar farko talla ce. Duk sanda ka mutu, sai a ce ka kalli talla na daƙiƙa talatin a ba ka sabon rai. Kamfanin ana biyansa kuɗin idonka. Kuma mun ga irin tallan da ke fitowa: cacar ƙwallo, da hotunan da ba su dace yaro ya gani ba, ba ma babba. Hanya ta biyu saye ne a cikin wasan: sabon rai, ko diga mai ƙarfi, ko akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya ka buɗe.

Ga kuma kuɗin da ba a lissafawa. Kuɗin intanet na Orange ko Telecel ko Moov. Kuɗin cajin waya a rumfa duk sanda wutar ENERCA ta ɗauke, wanda kowa ya san ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron da ba ya sana'a, daga ina yake samun wannan? Ko dai daga kuɗin karin kumallonsa, ko daga canjin cefane, ko daga aljihun shagon babansa. A nan ne ƙaramin wasa yake fara koya wa yaro ƙarya.

Sai babban hasara, wato lokaci. Mu yi lissafi. Awa 2 a kowace rana, a shekara awa 730 ke nan, wato sama da kwana 30 cur, dare da rana. Wanda yake karanta izu ɗaya cikin rabin awa, da awa biyun nan zai karanta izu huɗu, ya sauke Alƙur'ani duk kwana 15.

Abin da likitoci suka ce

A watan Mayu na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya larurar wasan bidiyo a cikin kundinta na cututtuka, kuma kundin ya fara aiki a Janairun 2022. Alamomin da ta ambata uku ne: mutum ya kasa iko da kansa wajen farawa da tsayawa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin cutarwar. Yawanci sai abin ya kai wata 12 yana lalata masa karatu ko aiki ko zaman iyali kafin a kira shi cuta. Hukumar ta kuma bayyana cewa kaɗan ne daga masu wasa suke kaiwa wannan matsayi. Wannan adalci ne, mu ma mu riƙe shi: ba duk yaron da ya taɓa wasa ne ya kamu ba.

Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatunan da ake saye ba a san cikinsu ba caca ne. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Waɗannan ba malaman fiƙihu ba ne, amma sun ga abin da muke gani.

Matsayin Shari'a

Larabci yana da kalmomi biyu a nan, la'ibu da lahwu. La'ibu shi ne aikin da ba a nufi wata manufa ta ƙwarai da shi ba. Imam Ragib al-Asfahani ya danganta asalin kalmar da lu'abu, wato yawun da ke dalala daga bakin jariri. Lahwu kuwa shi ne duk abin da ya shagaltar da kai daga abin da ya fi shi muhimmanci. Abu ɗaya yana iya zama la'ibu da rana, ya koma lahwu in an kira salla.

Musulunci bai hana wasa ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma ya bar ta ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci. A hadisin Hanzala da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna cewa rai yana da lokacin himma da lokacin hutu. Imam Gazali a cikin Ihya ya yi wasiyya a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi gaba ɗaya yana kashe masa zuciya da basira. Don haka asalin irin wannan wasa, in babu wani abin ƙi a cikinsa, halal ne.

Amma hukuncin yana juyawa da abin da ya biyo baya. In ya sa an fitar da salla daga lokacinta, ko an saɓa wa iyaye, ko an tozarta haƙƙin mata da 'ya'ya ko amanar mai gida a shago, ya zama haram saboda abin da ya jawo. In ya cinye lokaci mai yawa ba tare da ya taɓa farilla ba, mafi ƙarancinsa karhanci. In kuma aka sa kuɗi a sayi akwatin da ba a san cikinsa ba, ko aka yi fare tsakanin 'yan wasa wanda ya ci ya kwashe, to an shiga garari da caca. A Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, Allah Ya haɗa caca da giya, Ya kuma faɗi dalili: suna haifar da gaba da ƙiyayya, suna kange mutum daga ambaton Allah da salla. Wannan dalilin shi ne ma'auni. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kan nardu da shaɗaranji, kamar yadda ɗaliban Risala suka gani a ƙarshen littafin, kuma shagaltarwa tana cikin manyan abubuwan da suka duba. Ga kuma hadisin Ibnu Abbas a cikin Bukhari, wanda ya nuna cewa lafiya da sarari ni'imomi biyu ne da mutane da yawa suke tafka hasara a cikinsu.

Kowa ya yi wa kansa tambaya uku. Na taɓa jin kiran salla na ce bari in gama wannan matakin? Na taɓa ɓoye wayar da na ji tafiyar mahaifina ko matata? Na taɓa yin niyyar minti goma na wayi gari na yi awa biyu? Wanda ya amsa e a biyu daga ciki, ya san ƙugiya ta shiga.

Me za mu yi?

Ga ɗalibai: ku sa wa wasan ƙarshen da masu shi suka ƙi sa masa. Ku yanke lokaci kafin ku fara, kuma ya zama bayan an gama hadda da aikin gida. Kada waya ta kwana tare da ku a shimfiɗa. Wanda ya gwada ya kasa har sau uku, ya goge wasan, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kwanakin farko za ku ji hannu yana ƙaiƙayi, wannan yana wucewa.

Ga iyaye: duka da fasa waya ba sa magani, sai dai su koya wa yaro ɓoyewa. Ku zauna ku ce ya nuna muku wasan, ku tambaye shi me yake ji in yana yi. Ku cire hanyar biyan kuɗi daga wayar da yaro yake riƙewa. Mu kuma tuna cewa da yawa daga samarin nan sun tashi ne a shekarun da fita waje take da hatsari, daga ƙarshen 2013 zuwa gaba, lokacin da mu da kanmu muke cewa su zauna a ɗaki, muna miƙa musu waya don su yi shiru. Ba su kaɗai ne da laifi ba. Sannan uban da yake kan WhatsApp da Facebook har tsakar dare, da wane baki zai yi wa ɗansa faɗa? Wannan ya haɗa da mu masu rawani.

Ga mu malamai da kwamitocin masallatai: in an cire abu daga hannun yaro, dole a sa masa wani. Mu ma muna iya amfani da abin da muka koya. Mu rarraba hadda ƙanana-ƙanana yadda ɗalibi zai ga ci gabansa kowace rana. Mu yaba masa nan take in ya yi daidai, kada mu jira sai ranar sauka. Mu raya musabaƙa tsakanin makarantun unguwa, mu kuma nema musu filin ƙwallo da yamma, wanda ake tashi daga gare shi kafin Magariba.

Ɗalibin nan da muka ambata a farko, mun yi yarjejeniya da shi da mahaifinsa: wayar tana kwana a ɗakin uban, ana ba shi ita rabin awa bayan La'asar. Makon farko ya sha wuya, har ya daina gaishe mu da fara'a. Yanzu ya dawo sahun Asuba, kuma yana bin izu ashirin ɗin nan yana gyara inda suka zube. Bai gama ba tukuna, ku sa shi a addu'a.

Allah Ya sanya albarka a lokutanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.